Farashin Awa Ta Goma Sha Uku

Duk wanda ya taɓa aiki a bayan kyamara ya san irin wannan kiran wayar. Ana gama gaisawa sai a ce akwai aiki, kwana kaza ne, za a fara ranar kaza, nawa ne kuɗinka a yini? Ka faɗi naka, ya faɗi nasa, a ɗan ja, a tsaya a wani wuri. Abin da ba kasafai ake ambata ba a wannan wayar shi ne tsawon yinin da ake ciniki a kai. Awa nawa ne? Daga ina ake fara ƙirgawa, daga lokacin da ka fara loda akwatuna a mota da duhun asuba, ko sai darakta ya zauna a gaban allonsa ya ce a fara? In an wuce lokaci, wa zai biya? Na yi shekaru ina ɗaukar akwatunan kyamara da buga allon da ke nuna an fara ɗauka a gaban 'yan wasa, kuma a ganina duk gardamar da ake yi kan ladan ma'aikatan kyamara a fim da talabijin tana kewaye wannan tambayar ne kawai. An sa wa yini farashi, an bar awa ba farashi, kuma a nan ake cutar mutane.

Mai kallo a gida yakan ɗauka mutum ɗaya ne "mai kyamara". A babban aiki kuwa tsani ne mai matakai. A sama akwai daraktan ɗaukar hoto, wanda shi ke yanke hukunci kan haske da launi da yadda kowace fitowa za ta kasance a ido. Ƙarƙashinsa akwai mai riƙe kyamarar da juya ta. Sai mataimaki na farko, wanda ke saita fokas, wato ya sa hoto ya fito tar ba dishi-dishi ba. Sai mataimaki na biyu, mai buga allo, mai sa wa 'yan wasa alama a ƙasa don su san inda za su tsaya, mai rubuta bayanin kowace ɗauka. Akwai mai kula da katunan da hoton ke shiga, wanda ke kwafe su a kwamfuta ya tabbatar ba abin da ya ɓata, akwai kuma ɗan koyo a can ƙasa yana cajin batir da jan waya. Kuɗi ma haka yake gangarowa, yana raguwa mataki bayan mataki, kuma ba ni da ja a kan wannan. Wanda ya shekara 20 yana karantar haske bai kamata a haɗa shi da wanda ya shigo bara ba.

Amma bari in ɗan tsaya a kan mai saita fokas, domin aikinsa ne ya fi nuna yadda ake raina abin da ba a gani. Kyamarorin da ake aiki da su yanzu, idan aka buɗe idonsu sosai don a samu hoton nan mai laushi da daraktoci ke so, wurin da hoto ke fita tar bai fi faɗin 'yan yatsu ba. Jaruma tana tafe tana kuka, ta matso taku biyu, ta ɗan sunkuyar da kai, kyamarar ma tana tafiya a kan layinta, shi kuma yana gefe da ɗan abin murɗawa a hannu, dole idon jarumar ya zauna tar daga farko har ƙarshe. Ba a ba shi damar ya ce a dakata ya auna. In ya yi daidai sau ɗari babu mai cewa sannu, don ba a ga komai ba. In ya kuskure sau ɗaya a fitowar da jarumar ta zuba duk abin da ke ranta, kowa a wurin zai san sunansa. Wannan aiki na ido ne da natsuwa, kuma ido da natsuwa su ne farkon abin da gajiya ke cinyewa. Mutumin da aka tsayar awa 16 ana so ya yi a awa ta ƙarshe abin da ya yi a ta farko, sannan a ce kuɗinsa na yini ne, ba ƙari.

A takardar kasafin fim, tun zamanin manyan kamfanonin Hollywood na da, akwai wani layi da ake ja. Waɗanda ke samansa su ne marubuci da furodusa da darakta da manyan 'yan wasa, waɗanda ake ciniki da su ɗaya-ɗaya, wasu har da kaso a cikin riba. Duk sauran, har da daraktan ɗaukar hoto kansa, suna ƙasan layi. Idan kuɗi ya yi ƙasa aka ce a rage, ƙasan layin nan ake fara dubawa, don jarumi in an taɓa kuɗinsa zai tafi da sunansa, kuma da sunan aka samo kuɗin tun farko. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ba ina cewa jarumi bai cancanci nasa ba, fuskarsa ce ke kawo masu kallo. Abin da nake cewa shi ne hanya mafi sauƙi ta rage kuɗin ƙasan layi ba tare da an taɓa adadin da aka faɗa a waya ba ita ce a matse aikin kwana 30 cikin kwana 22. Kuɗin yini yana nan yadda yake, kowa ya ji an cika masa alkawari, alhali an sayi awoyinsa da rahusa bai sani ba.

Lissafin ba shi da wuya. Mutum biyu aka ba kuɗi ɗaya a yini, ɗaya ya yi awa 10, ɗaya ya yi 16. Na biyun ladan kowace awa tasa ya faɗi da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Ƙara da ranar gwajin kaya kafin a fara, wadda sau da yawa ake cewa ai ba ranar ɗauka ba ce. Ƙara da ranar mayar da kaya. Ƙara da kayan aikinsa na kansa, domin mataimakin kyamara yakan zo da jakarsa, da ƙaramin allon kallo, da abin awo, da tarkacen da ya tara da kuɗinsa shekara da shekaru, waɗanda a wuraren da aka tsara sana'ar ana biyan hayarsu daban. Sannan ƙara da babban abin da ɗan waje ba ya gani: ba kullum ake aiki ba. Wanda ya ji kuɗin yinin mai kyamara ya ninka shi sau 30 ya ce ai waɗannan sun fi ma'aikacin ofis, kallon kitse yake yi wa rogo. Kuɗin kwana 12 ne za a ci wata biyu da shi, a cikinsa za a yi jinya, a cikinsa za a ajiye na tsufa, don ba fansho, ba hutun shekara.

Duniya ta daɗe da sanin maganin wannan. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 1919 a kan awoyin aiki ce a masana'antu: 8 a yini, 48 a mako. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda Hollywood take, doka ta ce in ma'aikacin da ake biya da awa ya wuce awa 8 a yini, ladan kowace awa ya zama ɗaya da rabi, in ya wuce 12 ya ninka biyu. Mutane da yawa suna ɗaukar kuɗin obataim a matsayin wata garaɓasa da ake ba ma'aikaci. Ni a wurina birki ne. An sa masa tsada ne don mai riƙe da kasafi ya ji zafi a aljihunsa kafin ya ce a ƙara fitowa ɗaya. Furodusan da ya san awa ta 13 za ta ci masa ninki biyu na mutum 60, tun daga ofis zai zauna da darakta su rage shafukan da za a ɗauka a ranar. Wanda kuwa ya san awar kyauta ce, me zai hana shi? Ba sai ya zama mugu ba. Ruwa ya ɓata masa safiya, jarumi ya makara, gidan da aka haya gobe ba za a sake samu ba, ga mutane a tsaye waɗanda ƙarin awa huɗu nasu ba za ta ci masa ko sisi ba.

A watan Maris na 1997, wani mataimakin kyamara mai suna Brent Hershman ya tashi daga aikin fim ɗin Pleasantville bayan yini na awa 19. Yana tuƙi zuwa gida barci ya ɗauke shi, motar ta bugi turken wuta, ya rasu. Abokan aikinsa suka tara sa hannun dubban mutane suna neman a kayyade yini kada ya wuce awa 14. A wannan shekarar dai wasu masu bincike a Ostareliya suka wallafa a mujallar Nature cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda barasa ta kai ma'aunin da ƙasashe da dama ke hana tuƙi da shi. Haskell Wexler, daraktan ɗaukar hoto da ya ci kyautar Oscar sau biyu, ya ɗauki wannan magana a kansa har ƙarshen rayuwarsa, ya yi fim a kanta a 2006, yana kiran a yi awa 12 a huta awa 12. Abin lura a nan, Hershman yana aiki ne a inda ake biyan obataim. Wato ko inda birkin yake, in kamfani yana da kuɗi sosai yakan taka shi ya wuce. To ina ga inda babu shi gaba ɗaya?

Shekara 24 bayan rasuwar Hershman maganar ba ta mutu ba. A Oktoban 2021, ƙungiyar IATSE, wadda ma'aikatan bayan fage na Amurka da Kanada ke ciki, har da reshen masu kyamara, ta nemi izinin mambobinta masu aikin fim da talabijin kusan 60,000 na shiga yajin aiki. Kusan kashi 90 cikin 100 suka kaɗa ƙuri'a, sama da kashi 98 suka ce a tafi. Kokensu bai tsaya kan ƙarin kuɗi ba. Suna kukan makon da ake fara ɗauka da yammacin Juma'a a gama da hantsin Asabar, a dawo Litinin da asuba. Suna kukan tsallake lokacin cin abinci, don tarar da ake biya in an tsallake ta yi arahar da kamfanoni suka mayar da ita wani layi a kasafi. Suna kuma kukan wata yarjejeniya ta 2009 da ta ba masu shirya fina-finan intanet damar biyan ƙasa da na talabijin, a kan cewa harkar sabuwa ce ba a san ko za ta yi riba ba, alhali kafin 2021 irin su Netflix da Amazon sun zama manyan masu ɗaukar aiki. An sasanta kafin a fara yajin: hutun awa 10 tsakanin tashi da dawowa, hutun awa 54 a ƙarshen mako, ƙarin kashi 3 cikin 100 duk shekara. Da ƙyar mambobin suka amince, don da yawa sun ga bai isa ba. A zagayen 2024 aka samu ƙarin kashi 7 a shekarar farko, aka kuma sa ninki uku ga wanda ya wuce awa 15.

Kwana biyar bayan waccan sasantawa, ranar 21 ga Oktoba 2021, aka harbe Halyna Hutchins, daraktar ɗaukar hoton fim ɗin Rust, a jihar New Mexico, da bindigar da aka ce ba harsashi a ciki. Duniya ta ji wannan. Abin da ba kowa ya riƙe ba shi ne da safiyar ranar yawancin ma'aikatan kyamararta suka tattara kayansu suka bar aikin. Cikin dalilansu akwai jinkirin biya, da rashin ɗakin kwana kusa da wurin ɗauka, wanda ya sa suke tuƙin kusan kilomita 80 bayan doguwar rana, da kuma sakaci da tsaron lafiya. Aka nemo wasu aka ci gaba. Ba jinkirin albashi ne ya harba bindigar ba, kuma kotu ta yi nata aikin kan wanda ya yi sakaci. Amma ni ban taɓa ganin wurin aikin da ake wasa da haƙƙin ma'aikata ake kuma kaffa-kaffa da rayukansu ba. Hannun da ke tsuke wannan shi ke tsuke wancan.

Akwai suka guda biyu da nake ji, kuma ta farko daga cikinmu take fitowa, ita ce ma ta fi damuna. Ma'aikata da yawa ba sa son a rage awoyi. Za ka ji mutum ya ce da obataim nake biyan haya, in aka mayar da yini awa 10 na shiga uku. Gaskiya ya faɗa, kuma ba zan zarge shi ba. Amma duba abin da maganarsa ke nunawa: ladan awoyinsa na asali bai kai ya riƙe shi ba, sai ya sayar da barcinsa ya cike giɓin. Shi ya sa ba a raba maganar biyu. Wanda ya nemi a ƙara tsadar awa ta 13 bai nemi a ɗaga ladan awa 10 na farko ba, ya bar ma'aikaci yana addu'ar a makara. Na ga mutane suna murna a ɓoye in janareta ya lalace, don sun san daren zai yi tsawo kuma kuɗi zai ƙaru, na kuma ga waɗannan mutanen bayan shekara 10 da ciwon baya da auren da ya lalace da 'ya'yan da suka girma ba su san su ba sai a hoto. Wannan ba ciniki ba ne da ya kamata a sa ɗan Adam ya yi.

Suka ta biyu ta furodusoshi ce, musamman masu ƙananan ayyuka: in aka ɗora mana farashin manya, ba za mu iya yin fim ba sam. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, kuma an riga an samo masa hanya. IATSE tana da yarjejeniya daban ta fina-finai masu ƙaramin kasafi, mataki-mataki. Bectu, ƙungiyar ma'aikatan fim da talabijin ta Birtaniya, tana wallafa jadawalin farashin kowane matsayi gwargwadon girman kasafin aikin. Faransa, da ta shimfiɗa mafi ƙarancin albashi a kan duk masu shirya fim a 2013, ta bar ƙofa ga ƙananan fina-finai su biya ƙasa da haka a bisa sharuɗɗa. Ba wanda ya ce fim ɗin ɗalibi ya biya kamar na kamfanin Disney. Ƙaramin kasafi dalili ne na rage ladan awa a fili, kowa ya gani ya yarda ko ya ƙi. Bai zama dalilin a ƙi ƙirga awar ba. Wanda kuɗinsa na kwana 10 ne ya rubuta labarin da zai ɗauku a kwana 10.

Wannan jadawalin na Bectu ya kawo ni ga abin da ko ƙungiya babu za a iya farawa da shi gobe, wato a daina ɓoye farashi. A sana'ar nan mutane suna jin nauyin faɗin abin da aka biya su, wani don kunya, wani don tsoron kada a ga ya yi araha, wani don kada a ƙwace masa aiki. Mai ɗaukar aiki kuwa ya san na kowa, don shi ke biya. Sai a wayi gari mutum biyu suna aiki ɗaya a kan kyamara biyu, kafaɗa da kafaɗa, ɗaya yana karɓar rabin na ɗayan, kuma sau da yawa mai rabin nan shi ne sabo, ko mace, ko wanda ba shi da uban gida a harkar. Sabon shiga ba shi da abin da zai auna da shi, duk abin da aka faɗa masa shi ne farashi. In aka ce masa babu kuɗi amma sunanka zai fito a ƙarshen fim, zai karɓa da godiya. Aikin koyo na kyauta kuma yana da wata illa da ba a faɗa: wanda gidansu ke da hali ne kawai zai iya shekara yana aiki ba lada. Ɗan talaka mai ido da basira zai yi wata uku ya koma neman abin da zai ci, sana'ar ta yi asararsa ba ta ma san ta yi ba.

Kan ranakun zaman jira, Faransa ce ta fi kowa fuskantar gaskiya. Tun 1936 take da tsari na musamman ga ma'aikatan fim masu aikin yau-akwai-gobe-babu, kuma a yanzu wanda ya tara awa 507 na aiki cikin wata 12 yana samun tallafi a ranakun da ba ya aiki. Ana gardama kan tsadar tsarin, amma ya amsa cewa jira wani ɓangare ne na sana'ar. A 2023, da marubuta da 'yan wasan Amurka suka yi yajin aiki na watanni, ma'aikatan kyamara da ba su ne ke yajin ba suka zauna ba ko kwabo, wasu suka sayar da kayan aikinsu.

Jinkirin biya kuwa ba sai na daɗe a kansa ba. Tun muna yara muke jin a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Na taɓa bin kuɗin aikin mako uku har wata biyar, fim ɗin ya fita mutane suna kallo ina ta aika saƙo ana cewa a ƙara haƙuri. Wanda ya riƙe ladan ma'aikaci wata biyar bashi ya ci a wurinsa ba da yardarsa ba.

Maganata ta ƙarshe da manyanmu nake, daraktocin ɗaukar hoto, don su ne ke da bakin da ake ji. Mataimaki na biyu ba zai iya tambayar furodusa awa nawa ne yini ba, in ya tambaya akwai mutum goma a bayansa da ba za su tambaya ba. Amma kai da aka nemo da sunanka, aka jira ka gama wani aikin kafin a sa rana, kai za ka iya. Na sha ganin babba ya shiga ofis ya gyara nasa, da mota da ɗakin kwana da hayar kayansa, ya fito ya ce wa yaransa ku je ku daidaita da su. Waɗannan yaran su ne ke isowa kafin kowa su haɗa kyamara, su ne kuma ke zama bayan an ce an tashi suna goge gilashi, suna ƙirga katuna, suna jera batir a caji, kusan awa guda bayan motarka ta bar wurin. Kafin ka sa hannu a taka takardar, ka nemi a nuna maka tasu. Ka ga an rubuta lokacin da yini ke farawa da lokacin da yake ƙarewa, da ranar da za a biya, da ladan ranar gwajin kaya, da abin da ɗan koyon da ke jan waya zai karɓa idan agogo ya shiga awa ta 13, da kuma inda zai kwana in dare ya yi nisa.